Hoto Biyu da Suka Rage Mini a Bikin Ngozi

Cikin duk ranakun da na rataya kyamara a wuyana, akwai wata Asabar da har yau ba ta bar raina ba, ranar da aka aurar da Ngozi a gonar bammin mahaifinta. Ku da kuke riƙe da shagon yanzu kun san ni a matsayin Hajiya mai kawo muku kunu, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta muku wannan, ku san ni ma na taɓa yin gumi a aikin nan.

'Yan shekaru ne kaɗan da gama yaƙin basasa. Hausawa sun fara dawowa Anacha, mahauta da dillalan shanu da masu kayan miya, kowa yana neman inda ya bar rumfarsa. Maigidana Malam Isa, Allah ya jiƙansa, yana cikin na farkon dawowa. Ya buɗe shagon hoto a unguwar Fegge, da ya ga ya zauna da gindinsa sai ya je Kano ya auro ni, ban daɗe da gama sakandare ba. Muna zuwa kuɗin man fetur suka fara yawo a ƙasa. Kowa ya sayi rediyo ko sabon takalmi sai ya zo a ɗauke shi da abinsa.

A shago irin namu aikin hawa-hawa ne. Akwai mai shago, shi yake fita ɗauka. Akwai mai wanki, wanda yake shiga ɗakin duhu ya zare fim ya tsoma shi a ruwan magani har hoton ya fito a juye, fari ya koma baƙi, wato abin da muke kira dodon hoto. Sai mai bugawa, wanda yake haska dodon a kan takarda. Malam ya mai da ɗakin ajiyarmu na gida ɗakin duhu, na zama ni ce mai wanki, ni ce mai bugawa, tsakanin girkin rana da na dare. Daga baya ya koya mini ɗauka saboda gidajen da namiji ba ya shiga. Na ɗauki suna, na ɗauki walimar sauka, na ɗauki amare da ƙawayensu a jere a bakin gado. Amma ango ban taɓa ɗauka ba. A bikinmu ango yana can waje da abokansa, ni kuwa aikina a cikin gida yake.

Kyamarar wata baƙar akwati ce mai ido biyu. Ana rataya ta a wuya ta sauka kan ciki, sai ka sunkuya ka leƙa ta sama, abin da ke damanka ka gan shi a hagu. Kafin ka latsa sai ka murɗa ka daidaita nisa, ka buɗe ko ka rage ƙofar haske. Fim ɗaya hoto goma sha biyu ne, akwai ɗan gurbi a gefe da yake nuna maka na nawa kake. Kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Ku riƙe wannan, don ku masu dubawa ku goge ku sake, ba ku san wannan fargabar ba.

Ana saura kwana uku bikin Mazi Okeke, mahaifin Ngozi, ya zo gidanmu. Mai gonar kwakwar manja da tukurwa ne a wani ƙauye bayan gari, yana da masu hawa da suke tatso bammi da sassafe a cika tuluna a kai kasuwa. Ya yi ƙuruciyarsa a Jos, Hausarsa har da karin harshe, kuma abokin Malam ne tun kafin yaƙi. Ya tarar da Malam a kwance, ciwon shawara ya mai da idonsa kamar an ɗiga manja. Ina bayan labule ina jin su.

"Malam Isa, ka iya zaɓen ranar kwanciya."

"Ni na zaɓa? Ga masu hoto nan cike da gari, ka nemi wani mana."

"Na bi su duka. Kowa ya samu kuɗi, kowa yana aure, babu mai hannu a sake." Sai muryarsa ta sauka. "Ka san gidana ya ƙone da duk abin da ke ciki. Uwar Ngozi a daji ta rasu lokacin gudu, ba ni da hotonta ko ɗaya. Yarinyar nan idan ta tambaye ni kamannin uwarta sai in ce ta duba madubi. Ba na son jikokina su yi wannan tambayar. Hoto ɗaya nake nema, inda take miƙa wa mijinta ƙoƙon bammi. Sauran duk ƙari ne."

Su biyun nan ba su taɓa tambayar juna abin da kowa ya gani a shekarun ba, ni dai ban taɓa ji ba. Sai Malam ya ɗaga murya.

"Rakiya, kin ji?"

"Na ji, Malam."

"Za ki iya?"

Na ce sai na tambaya tukuna. Washegari na je gidan liman na gaya wa matarsa, ita ta shiga ta faɗa masa. Ya aiko da cewa maƙwabcinmu ne yake aurar da 'yarsa, in je, amma bammin nan kada in sha, kada in ɗauki tulunsa, kada in zuba wa kowa, kuma kada sallah ta wuce ni. Na san wani malamin zai iya faɗin daban. Ni dai da wannan na tafi, kuma har yau ina haɗawa da istigfari.

A watannin nan fim ya yi wuya, ana cewa jiragen ruwa sun cunkushe a tashar Legas kaya ba sa fitowa. Uku kacal muke da su a gida. Malam ya damƙa mini su ya ce, "Biyu ki yi yadda kika ga dama. Na ukun kada ki buɗe shi sai an zo ƙoƙo. Uban zai zuba ya ba ta, ta kai wa ango, ta durƙusa. Shi ke nan." Ya ga abin sau ba adadi, shi ya sa ya ɗauka kowa ya san sauran. Ni kuma ban san akwai sauran ba, balle in tambaya.

Gwaggo Tabawa ce ta raka ni, ƙanwar mahaifin Malam, mai sayar da daddawa da kuka a kasuwar Head Bridge. Tun a mota take kwantar mini da hankali. "Ke dai ki bi ni. Ni da na yi shekara da shekaru a cikinsu, wace al'ada ce tasu ban sani ba?"

Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Kwakwa jere-jere har inda ido ya ƙare, kowace da gora a rataye can sama kusa da wuyanta. Igiyoyin hawa masu kama da baka an jingine su a gindin bishiya, yau suna hutu. An yi rumfuna da ganyen tukurwa, a gefe guda kuma ga wata doguwar rumfa cike da tuluna, farar kumfa tana tasowa daga bakinsu tana gangarowa, ƙudan zuma suna ta zagaye. Warin kamar ƙullun koko da ya kwana biyu, da ɗan zaƙi a ƙarƙashinsa. Na ja mayafi na rufe hanci, amma idona ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na ga ba wanda yake sha sai wanda ya zuba ya fara kurɓa. Na ga dattawa suna ɗiga kaɗan a ƙasa kafin su kai baki. Ina ta son in tambayi dalili, ina danne kaina.

Mama Uche, yayar Mazi, ita ta tarbe mu. Ta kai mu wani benci ta inda iska take fitowa, nesa da tulunan, ta kawo mana lemon kwalba a rufe. Ta nuna mana wata tukunya daban ta ce akuyar ciki Bahaushe ne ya yanka, Mazi da kansa ya je ya ɗauko shi daga mahauta. Ta nuna mana ɗakin da aka share aka ajiye ruwa don sallah. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, na yi ta yi mata godiya.

Na fara aiki. Na ɗauki Mazi da jar hularsa, na ɗauki matan dangi cikin zane iri ɗaya, na ɗauki Ngozi da ta fito gaisuwar farko, doguwa, baƙa, da murjani a wuya da kuma a gashi. Ina cikin haka sai ga wata mota sabuwa fil ta shigo tana ƙaho. Wani ƙaƙƙarfan mutum ya fito cikin farin leshi har ƙasa, da sanda mai kan azurfa, masu kiɗa suka bar wurinsu suka yi kansa. Aka kai shi kujera mai hannu a sahun gaba.

Gwaggo ta zungure ni. "Ga angon nan."

"Gwaggo, kin tabbata?"

"Ke yarinya, wa zai sa wannan leshin a bikin wani? Dubi wuyansa ma. Wannan wuyan ango ne."

Na yi niyyar in tambayi Mama Uche. Amma ni matar aure, in je in ce a nuna mini wani namiji a cikin maza? Kuma ina tsoron a ce an kawo mai hoton da ba ta san ko ango ba. Sai na bi Gwaggo. Na ɗauki mai leshi yana gaisawa da Mazi, na ɗauke shi yana dariya, shi kuwa da ya ga kyamara ta juyo sai ya gyara zama ya ɗora haɓa a kan sanda.

Bayan na idar da la'asar aka ce lokacin ƙoƙo ya yi. Na sa fim na uku, na yi bisimilla, na tsaya daidai inda zan haɗa kujerar mai leshi da filin rawa. Ngozi ta durƙusa gaban mahaifinta, ya zuba bammi a wani ƙoƙon katako, ya yi mata magana a hankali, ya miƙa mata. Na ɗauka. Ta miƙe ta rufe bakin ƙoƙon da tafin hannu, kiɗa ya tashi, na sake ɗauka. Sai maza suka fara kiranta ta kowane ɓangare, har da tsofaffi marasa haƙora. "Nne, bia!" "Na me o, no pass me!" Wato kowa cewa yake ta zo wurinsa. Na yi mamaki, amma na ce wasa ne. Ta nufo sahun gaba tana rawa, kai tsaye wajen mai leshi. Ina latsawa ina murɗawa, kowane taku nata ina jin kamar shi ne na ƙarshe. Ta iso gabansa, ta lanƙwasa gwiwa, ya miƙo hannu biyu, na latsa. Sai ta yi wani juyi ta ba shi baya ta wuce da ƙoƙonta.

Wurin ya ɓarke da ihu. Mai leshi ya fi kowa dariya, har yana buga sanda a ƙasa.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Ta fasa! Yarinyar nan ta fasa auren a gaban jama'a!"

Na duba gurbin da ke gefen kyamara. Sha ɗaya yake nunawa. Hoto biyu suka rage mini a duniya.

Mama Uche ta gifta tana rawa, na manta da kunya na riƙo zanenta. Na ce ba wancan ne mijin ba? Ta dube ni, ta fashe da dariya har da hawaye. "Madam Hoto! Dat one na her uncle from Port Harcourt. Husband don hide, she go find am." Wato mai leshin kawunta ne. Na ce to ina angon yake? Ta ce, "If I tell you e no go sweet," ta zare zanenta ta shige cikin mata.

Nan na gane. A wurinsu ango ɓuya yake yi, amarya ce take ratsa taro ta nemo shi, ta nuna wa duniya wanda ta zaɓa. Ko a cikin wannan tashin hankalin sai da abin ya ba ni mamaki, yarinya da ƙafarta tana neman miji a gaban ubanta, uban yana tafi. Amma babu lokacin mamaki. Idan na jira ta same shi sannan in taho, kafin in kutsa in daidaita nisa da haske an shanye ƙoƙon. Dole in riga ta isa wurin mutumin da ban sani ba.

Na saki kyamarar ta sauka kan cikina, na ce ya Allah ka rufa mini asiri. Na daina kallon Ngozi ta cikin akwati, na kalle ta da idona kamar yadda zan kalli ƙanwata. Tana leƙa dama, tana leƙa hagu, tana kare ido da hannu kamar mai hangen nesa, tana tsokanar tsofaffi. Ta kalli kowace rumfa. Sai dai akwai wani ɓangare, can bakin rumfar tuluna inda masu hawan kwakwa suke zaune a kan gungume, da idonta ya zo nan sai ya tsallake. Ta zagayo, ya sake tsallakewa. Na san wannan. Lokacin da Malam yake zuwa zaurenmu a Kano, na kalli bango, na kalli ƙofa, na haddace takalminsa, shi kaɗai ne ban kalla ba.

Na duba kan gungumen. Duk suna ihu suna ɗaga hannu, ban da ɗaya. Wani siririn saurayi cikin farar riga da ta ɗan yi masa yawa, ya riƙe gwiwoyinsa yana kallon yatsun ƙafarsa, abokansa suna ta danna kansa ƙasa a bayan kafaɗunsu.

Na ɗaure mayafina na ratsa tsakiyar maza, abin da ban taɓa yi ba. "Gafara dai, gafara," nake cewa, ban ma san ko suna ji ba. Gwaggo tana bayana tana kira, "Rakiya, ina za ki? Wajen giyar za ki?" Na tsaya taku huɗu daga saurayin. Wurin inuwa ne, rana ta faɗa bayan kwakwa, sai na buɗe ƙofar haske, na daidaita nisa a kan gwiwarsa. Na ba taron duka baya. Idan na yi kuskure a karo na biyu, ba zan ma ga inda za a yi abin ba.

Ngozi ta ƙara zagaye biyu. Ban taɓa jin rawa ta yi tsawo haka ba. Sai na ji ihun yana matsowa ta bayana, na ga gefen zanenta ya shigo cikin gilashin ta hagu. Ta durƙusa. Ta kurɓa kaɗan, ta ɗaga ƙoƙon. Ina latsawa wani ya harba bindigar toka don murna, jikina duka ya zabura. Na san wannan hoton ya tafi. Na murɗa, na danne gwiwar hannuna a haƙarƙari, na riƙe numfashi. Saurayin ya sa hannu biyu ya karɓa, nata hannun bai saki ba tukuna. Na latsa. Na murɗa, hannun kyamara ya tafi sakaka. Fim ya ƙare.

Sauran bikin a zaune na gan shi. Suka dawo tare gaban Mazi ya sa musu albarka, aka yi rawa har ƙasa tana motsi, ni ba ni da abin ɗauka. Da za mu tafi Mazi ya rako mu mota.

"Matar Malam, kin samu?"

"Na latsa, Mazi. Sai an wanke za a sani."

Ya gyaɗa kai kawai ya rufe mana ƙofar mota. Gara ma da ya yi faɗa.

Washegari da hantsi na shiga ɗakin duhu. Malam ya lallaɓo ya zauna a kan turmi a bakin ƙofa. Na fara da fim na uku, na wanke, na ɗauraye, na fito da shi yana ɗiga na miƙa masa. Ya ɗaga shi a haske yana bi ɗaya bayan ɗaya.

"Wane ne wannan mai sandar?"

"Kawun amarya ne."

"Wannan fa?"

"Shi ne."

"Rakiya, kawun kika aurar?"

Na gaya masa komai. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, amma hannunsa bai daina jan fim ɗin ba. Na sha ɗaya ya fito kamar an shafa toka a gilashi. Ya ja na ƙarshe, ya kusanto da shi ido, ya daɗe.

"Je ki buga wannan," ya ce. "Babba."

Ina kaɗa takardar a cikin magani hoton ya fara tasowa. Hannaye ne suka fara fitowa, huɗu a kan ƙoƙo ɗaya, nasa duk kanta saboda igiyar hawa. Sannan fuskarsa, ya ɗago a ƙarshe yana kallonta kamar bai yarda ba. Sannan ita, a durƙushe, tana dariya, har a nan ɗin ma ƙasa take kallo. Na zauna a kan bokiti na yi hamdala, na yi kukana na share kafin in fito.

Na lissafa, sau tara na ɗauki mai leshi a ranar. Ya aiko daga Fatakwal aka buga masa duka. Gwaggo kuwa har ta koma ga Allah tana cewa shi ya fi dacewa da yarinyar.

Mazi ya zo ranar Laraba. Malam ya ce in kawo wa Mazi hoton da kaina, tunda aikina ne. Na miƙa masa, kuma na faɗa masa gaskiya, cewa saura kaɗan ya tashi babu komai saboda na ji kunyar tambaya. Ban ga alamar ya ji ni ba. Ya goge hannunsa a riga, ya riƙe hoton ta gefe-gefe, ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaya ko za a iya buga wani. Na ce ko nawa yake so, tunda dodon yana nan.

"To ki buga uku," ya ce. "Ɗaya nawa, ɗaya nasu. Na ukun idan mai zuwa Kano ya samu, ki ba shi ya kai gidanku a ajiye mini."

Malam ya ce, "Kano kuma, Okeke?"

"Kano. Kada duka su kwana a gari ɗaya."

Na buga ukun. Bayan sati biyu wani dillalin shanu da zai koma gida ya tafi da ɗaya, mahaifiyata ta sa shi a ƙasan adakarta tare da takardun gidanmu.

Daga ranar na kafa wa kaina doka, kuma ita nake bar muku. Duk gidan da aka kira ku, ko na Ibo ne, ko na Yarbawa, ko na Hausawan da kuke ganin kun san su, kada ku fara ɗauka sai kun zauna da wata dattijuwar gidan ta faɗa muku wane ne wane, kuma a wane lokaci ne su suke cewa an yi aure. Kowane gida yana da nasa lokacin, kuma sau ɗaya yake wucewa. Sannan kada ku ɗauka kun san abin da mutum yake nema idan ya ce a yi masa hoto. Ni na tafi ina zaton biki zan ɗauko wa Mazi Okeke, ashe shi wurin ajiya yake nema.